Sangoulé Lamizana, sojan da jama'a suka kira ya karɓi mulki ya zauna kusan shekara 15

Ranar Talata 3 ga watan Janairun 1984, a babban zauren Maison du Peuple da ke tsakiyar Wagadugu, aka gurfanar da wani dattijo mai shekara 67 gaban kotun juyin juya hali da gwamnatin Kaftin Thomas Sankara ta kafa. Babu lauya a gefensa, don dokar kotun ba ta yarda da lauya ba, kuma gidan rediyon ƙasa yana watsa zaman ga duk mai akwatin rediyo. Ana tuhumar dattijon da salwantar da kimanin miliyan 400 na sefa daga asusun musamman na fadar shugaban ƙasa. Shekara 18 cif kafin wannan rana, a wani fili da ba shi da nisa da zauren, dubban mutane sun wuni a tsaye cikin rana suna kiran soja su karɓi mulki, kuma sojan da ya amsa kiran shi ne wannan dattijo, Janar Aboubacar Sangoulé Lamizana.

An haife shi ranar 31 ga Janairun 1916 a ƙauyen Dianra, kusa da Tougan, a arewa maso yammacin ƙasar da daga baya aka kira Haute-Volta, Burkina Faso a yau. Ɗan ƙabilar Samo ne, Musulmi. Wannan asali ya yi masa rana daga baya, domin Samo da Mosi, ƙabila mafi yawa a ƙasar, taubasan juna ne, kamar Bafillace da Babarbare a nan gida. Mutumin da ba ya cikin rigingimun gidajen sarautar Mosi, wanda kuma Bamoshe zai iya zolaya ya zolaye shi, ya fi sauƙin karɓuwa a Wagadugu.

Yana ɗan shekara 16 Faransa ta soke mulkin mallakar Haute-Volta a 1932, ta raba ƙasar tsakanin Kodebuwa da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, da Nijar, wadda aka haɗa wa yankunan Dori da Fada N'Gourma. Sai a 1947 aka sake haɗa ta. A 1936 ya shiga sojan Faransa a matsayin ƙaramin soja, ya yi yaƙin duniya na biyu a arewacin Afirka, ya samu galan hafsa a 1949, ya yi yaƙin Indoshin, ya yi na Aljeriya. Wato rabin rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne yana yi wa mai mulkin mallaka yaƙi da waɗanda ke neman ƴancin kansu, kamar dubban tsoffin sojojin da har yanzu ake tunawa da su a Damagaram da Tawa da Dosso. Bayan samun ƴancin kai ranar 5 ga Agustan 1960, shugaba Maurice Yaméogo ya ɗora masa aikin kafa rundunar sojan ƙasa, ya zama babban hafsanta a 1961.

Yadda Yaméogo ya haƙa wa kansa rami

Ba za a gane Lamizana ba sai an san mutumin da ya gada. Yaméogo ya mayar da ƙasar ta jam'iyya ɗaya, UDV-RDA, tun kafin a gama bikin ƴancin kai. Ya tsare ƴan hamayya, ya yanke wa sarakunan gargajiya albashi, ya yi ƙoƙarin cusa duka ƙungiyoyin ƙwadago cikin sandika guda da zai juya yadda yake so. A watan Oktoban 1965 aka ce ya ci zaɓe da fiye da kashi 99 cikin 100. Mako biyu bayan haka ya yi sabon aure da wata matashiya, bayan ya rabu da uwargidansa, abin da ya ɓata ran cocin Katolika da ya fito daga cikinta, ya kuma tafi yawon amarci har Brazil alhali baitulmali babu komai. Da ya dawo, a ƙarshen Disamba, sai gwamnatinsa ta fito da kasafin tsuke bakin aljihu: za a zabge kashi 20 cikin 100 na albashin ma'aikata, a rage kuɗin iyali, a rage fanshon tsoffin sojoji.

Ƙungiyoyin ƙwadago suka haɗa kai a ƙarƙashin jagorancin Joseph Ouédraogo, suka kira yajin aikin gama gari ranar Litinin 3 ga Janairun 1966. Yaméogo ya kafa dokar ta-ɓaci, ya yi barazanar korar duk ma'aikacin da ya ƙi zuwa aiki. Da safiyar ranar, ƴan makaranta ne suka fara fitowa, cikinsu har da ɗaliban makarantar horar da malamai mata da Jacqueline Ki-Zerbo ke shugabanta. Ma'aikata suka biyo baya, sai ƴan kasuwa da marasa aikin yi. Abin da suke nema da farko shi ne abinci da ruwa da dimokuraɗiyya da janye zabge albashi. Kafin azahar buƙata ta sauya, ta koma saukar shugaban ƙasa, taron ya cika filin da ke gaban hedikwatar soja yana kiran soja su hau mulki.

Sojojin ba su yi harbi ba. Akwai kuma wani abin da ya rufe wa Yaméogo ƙofa, wanda shi da kansa ya jawo: a 1961 ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar tsaron da Kodebuwa da Dahomey da Nijar suka ƙulla da Faransa, ya sa aka kwashe sansanin sojan Faransa na Bobo-Dioulasso. Saboda haka babu sojan waje a kusa da zai maido shi kan kujera, kamar yadda aka maido Léon Mba a Gabon a 1964. Kafin dare ya raba, ya sanar ta rediyo cewa ya miƙa mulki ga Laftanar-Kanal Lamizana.

Lokacin kakar juyin mulki ce a Afirka. Mobutu ya karɓi Kongo a watan Nuwamba, Janar Soglo ya karɓi Dahomey ranar 22 ga Disamba, Bokassa ya kifar da David Dacko a daren shiga sabuwar shekara. Kwana 12 bayan abin da ya faru a Wagadugu aka kashe Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa a Najeriya, a watan Fabrairu kuma aka tumɓuke Nkrumah. Abin da ya bambanta na Volta shi ne ba a bariki aka ƙulla shi da dare ba. Farar hula ne suka yi aikin da rana tsaka, suka ɗauki mulkin suka miƙa wa mai bindiga, bisa zaton zai riƙe musu shi na ƴan watanni.

Daga ƴan watanni zuwa shekara huɗu

Abin da ya fara yi shi ne abin da kowane soja ke yi: ya jingine kundin tsarin mulki, ya rusa majalisar dokoki, ya kafa gwamnatin da ta haɗa hafsoshi da farar hula. Jam'iyyun da Yaméogo ya danne suka sake fitowa fili, aka shiga tattaunawa kan yadda za a koma mulkin farar hula, amma ƴan siyasar suka kasa jituwa, magoya bayansu suka fara ba hamata iska. A watan Satumban 1966 Lamizana ya dakatar da harkokin jam'iyyu baki ɗaya, a watan Disamba kuma ya sanar cewa soja za su riƙe mulki shekara huɗu. Waɗanda suka fito neman dimokuraɗiyya a watan Janairu sun wayi gari a ƙarshen shekara babu majalisa, babu jam'iyya, babu ranar zaɓe kusa.

Batun albashi ma, an gudu ne ba a tsira ba. Ministan kuɗi, hafsan soja Tiémoko Marc Garango, ya zo da tsuke bakin aljihun da ya kai na Yaméogo zafi, ko ma ya fi. Aka rage alawus-alawus, aka ƙirƙiro gudummawar kishin ƙasa da ake cirewa daga albashi, aka rufe gidan talabijin ɗin da Yaméogo ya buɗe don alfahari. Ma'aikata suka raɗa wa tsarin suna garangose, kamar sunan wata cuta. Amma suka haɗiye, domin wannan karon sun ga manya ma an taɓa su, kuma cikin shekara biyu kasafin ƙasar ya daina giɓi. Har yau masana tattalin arziƙin yankin na ambaton wannan zamani idan ana maganar ƙasa matalauciya da ta daidaita asusunta da kanta.

A nan ne halin Lamizana ya fara bayyana, mai kyau da mara kyau a haɗe. Ya hana jam'iyyu, amma bai taɓa ƙungiyoyin ƙwadago ba. Suka ci gaba da taro, suna fitar da takardun suka, suna yajin aiki. Ya san su suka kawo shi, ya kuma ga abin da suka yi wa wanda ya raina su. Game da Yaméogo kuwa, ya bar shi a tsare fiye da shekara uku babu shari'a, har mutumin ya yi yunƙurin kashe kansa. Sai a 1969 wata kotu ta musamman, a zaman sirri, ta yanke masa ɗaurin shekara biyar da aiki mai tsanani, ta kuma ƙwace masa ƴancin zaɓe da tsayawa takara. Ranar 5 ga Agustan 1970 Lamizana ya sake shi. Kotun musamman da zaman sirri ba adalci ba ne ko wa aka yi wa, sai dai idan aka tuna yadda tsoffin shugabanni suka ƙare a wasu ƙasashe a waɗannan shekaru, fitowar Yaméogo da ransa da ƙafafunsa ba ƙaramin abu ba ne.

Alƙawarin shekara huɗu ya cika shi, amma rabi da rabi. An ɗage takunkumin jam'iyyu a watan Nuwamban 1969, aka amince da sabon kundin tsarin mulki a zaɓen raba gardama na 14 ga Yunin 1970. Sai dai kundin ya tanadi cewa na tsawon wasu shekaru huɗu, shugaban ƙasa shi ne hafsan da ya fi kowa girman muƙami da daɗewa a soja, kashi ɗaya cikin uku na ministoci kuma sojoji ne. Ba a rubuta suna ba, amma kowa ya san wa aka ɗinka wa rigar. A zaɓen ƴan majalisa na Disamban 1970, UDV-RDA ta samu kujeru 37 cikin 57, PRA ta samu 12, jam'iyyar MLN ta masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo ta samu 6. Gérard Kango Ouédraogo ya zama firaminista, Joseph Ouédraogo, jagoran yajin aikin 1966, ya zama shugaban majalisa.

Waɗannan shekaru su ne mafi sakin mara a tarihin ƙasar kafin 1990. A watan Mayun 1973 aka fara buga L'Observateur, jarida mai zaman kanta da ke fitowa kullum, a lokacin da a yawancin ƙasashen yankin jaridar gwamnati ce kaɗai ake karantawa. Bikin fina-finan FESPACO, da aka fara a 1969, gwamnati ta rungume shi a 1972, kuma wanda ya fara cin babbar kyautarsa ta Étalon de Yennenga ɗan Nijar ne, Oumarou Ganda, da fim ɗinsa Le Wazzou polygame. A Wagadugu ne kuma Volta da Mali da Nijar suka kafa hukumar Liptako-Gourma a Disamban 1970, aka kuma kafa CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, a Satumban 1973, lokacin da yunwa ke cin mutane da dabbobi daga Dori har Tanut.

Ana cikin wannan fari ne ƴan siyasar suka ba shi hujja a karo na biyu. Firaminista da shugaban majalisa, ƴan jam'iyya ɗaya, kowanne na hangen kujerar shugaban ƙasa idan wa'adin soja ya ƙare. Majalisa ta ƙi aiki da firaminista, shi kuma ya ƙi sauka, aiki ya tsaya cik. Ranar 8 ga Fabrairun 1974 Lamizana ya rusa majalisa, ya sake jingine kundin tsarin mulki, ya kafa gwamnatin da ya kira ta sabunta ƙasa, mafi yawanta sojoji. Masu kare shi na cewa ba shi da zaɓi. Amma abin lura shi ne rikicin ya zo ana saura ƴan watanni wa'adinsa ya cika, kuma maganin da ya zaɓa shi ne wanda ya bar shi kan kujera. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gaskiya ne, sai dai ƙadangaren nan bai nuna yana ƙin shigar ba.

Wata biyu bayan haka, ranar 15 ga Afrilu, Laftanar-Kanal Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani a Yamai. Maƙwabtan biyu suka zama ƙarƙashin soja a shekara guda, fari guda, talauci iri guda, amma hanyarsu ta rabu. A Nijar ba a sake jin ɗuriyar jam'iyya ko zaɓen shugaban ƙasa ba har Kountché ya rasu a 1987. A Volta kuwa ba a yi shekara biyu ba ma'aikata suka taka wa janar ɗin burki.

Kwana biyun da suka hana jam'iyya ɗaya

A ƙarshen 1974 rikicin iyaka ya ɓarke tsakanin Volta da Mali kan zirin Agacher, aka yi ƴan artabu, aka sasanta a 1975. Rikicin ya ƙara wa soja kasafi da faɗa-a-ji, ya ƙara wa talaka haraji. Ƙorafi ya yi yawa kan yadda wasu manya ke wadaƙa da kan inda taimakon fari ke maƙalewa. A cikin wannan yanayi, ranar 29 ga Nuwamban 1975, Lamizana ya sanar da kafa wata ƙungiyar siyasa guda tilo, MNR, wadda za ta zama ita kaɗai ce hanyar shiga harkar ƙasa. Haka Mobutu ya yi a Zayar, haka Eyadéma ya yi a Togo, kuma babu wanda ya hana su.

Manyan ƙungiyoyin ƙwadago huɗu na ƙasar, waɗanda ba su cika shan inuwa ɗaya ba, suka haɗa kai suka kira yajin aiki ranakun 17 da 18 ga Disamba. Wagadugu ta mutu murus: babu ofis, babu makaranta, kasuwa a rufe. Buƙatunsu sun haɗa da ƙarin albashi, amma kan gaba shi ne a koma kan kundin tsarin mulki. Janar ɗin yana da bindigogi, yana da jandarmomi, yana da gidan kaso. Abin da ya yi shi ne ya janye. Aka binne maganar MNR, ya rusa gwamnati a farkon 1976, Garango ya bar ma'aikatar kuɗi bayan shekara goma, aka kafa sabuwar gwamnati mafi yawanta farar hula, aka naɗa kwamitin rubuta kundin tsarin mulki.

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace nauyi a rayuwarsa ta mulki, ta fi 3 ga Janairu, domin a 1966 taro ne ya tura shi, a 1975 kuwa shi ya zaɓa. Wasu na ganin tsoro ne, wai ya san ƙananan hafsoshi ba za su bi shi ba idan ya ce a yi harbi. Wasu na ganin hali ne na mutumin da ya ga yaƙi da idonsa a ƙasashe biyu, ya san abin da harsashi ke yi. Ko wanne ne, sakamakon ɗaya ne: ƴancin yajin aiki da na faɗin albarkacin baki sun tsira a Volta saboda akwai waɗanda suka tsaya a kansu, kuma wanda ke sama ya yarda a kayar da shi ba tare da ya zubar da jini ba.

An amince da sabon kundi ranar 27 ga Nuwamban 1977. A zaɓen ƴan majalisa na 30 ga Afrilun 1978, UDV-RDA ta samu kujeru 28 cikin 57, UNDD ta Hermann Yaméogo, ɗan tsohon shugaban, ta samu 13, jam'iyyar Ki-Zerbo ta samu 9. Lamizana, wanda aka daɗe ana jin zai koma gefe, ya tsaya takarar shugaban ƙasa da goyon bayan RDA, abin da ya fusata Joseph Ouédraogo har ya ɓalle ya tsaya da kansa. A zagayen farko, ranar 14 ga Mayu, shugaba mai ci ya samu kashi 42 cikin 100 kacal. Dole aka je zagaye na biyu ranar 28 ga wata, tsakaninsa da wani ma'aikacin banki, Macaire Ouédraogo na UNDD, wanda kowa ya san yana riƙe wa Maurice Yaméogo wuri ne. Lamizana ya ci da kashi 56 da ɗan ɗoriya. A Afirkar wancan zamani, inda shugabanni ke ba kansu kashi 99, janar mai mulki da aka tilasta wa zagaye na biyu abin mamaki ne, jaridun duniya suka yi ta yabo.

Yabon ya rufe wani abu. A duka zagayen biyu, waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai rabin masu rajista ba. Mutanen karkara, waɗanda su ne kusan duka ƙasar, ba su ga abin da ya shafe su a rigimar ba. Ƴancin da ake magana a kai na ma'aikacin birni ne mai albashi da sandika da jarida, manomin Yatenga kuwa hanyar Abijan ya sani. Fuskokin kuma su ne dai na 1960: Gérard Kango ya koma shugaban majalisa, Dakta Joseph Conombo ya zama firaminista da rinjayen ƙuri'a ɗaya tak. Kundin ya taƙaita jam'iyyu zuwa uku da suka fi samun ƙuri'a, sauran aka ce su narke cikinsu. A barikoki kuma wani sabon zubin hafsoshi na tasowa, matasa masu karatu da aƙidar juyin juya hali, waɗanda ke kallon janar ɗin a matsayin ragowar sojan mulkin mallaka.

Ranar 1 ga Oktoban 1980 ƙungiyar malaman firamare, SNEAHV, ta shiga yajin aiki. Malaman sakandare suka mara mata baya, sauran ƙungiyoyi suka yi na gama gari, aka shafe kusan wata biyu makarantu a rufe. An sasanta ke nan da ƴan kwanaki, ranar Talata 25 ga Nuwamba, Kanal Saye Zerbo, tsohon ministansa na harkokin waje, Basamo ɗan'uwansa daga Tougan, ya kifar da shi ba tare da an kashe kowa ba. Ƙungiyoyin ƙwadago da yawa suka yi murna, ƴan hamayya suka yi maraba, har shugaban cocin Katolika na ƙasar ya sa wa juyin albarka.

Murnar ba ta daɗe ba. Gwamnatin Zerbo ta haramta jam'iyyu nan take, a watan Nuwamban 1981 ta soke ƴancin yajin aiki, ta rusa ƙungiyar ƙwadago ta CSV, ta shiga farautar shugabanta Soumane Touré. Abin da Lamizana bai yi ba cikin shekara 15, magajinsa ya yi shi cikin shekara guda. Daga nan juyi ya bi juyi: Nuwamban 1982, sannan 4 ga Agustan 1983 da ya kawo Sankara, kuma daga wannan lokaci aka fara ganin gawar hafsoshi a rikicin mulki. A watan Maris na 1984 gwamnatin juyin juya hali ta kori malamai fiye da 1,300 saboda yajin aikin kwana biyu, ƴan ƙungiyar nan dai da ta raunana Lamizana. A watan Yuni aka harbe mutum bakwai bisa zargin shirya juyin mulki, aka kuma ƙona maɗaba'ar L'Observateur, jaridar ba ta dawo sosai ba sai 1991.

Gaban kotun juyin juya hali

Shi kuwa, kamar yadda ya yi wa Yaméogo, sai da ya jira fiye da shekara uku kafin a kai shi gaban alƙali. Shari'arsa ce aka buɗe kotunan juyin juya hali da ita, kuma ba a zaɓi ranar 3 ga Janairu a banza ba. An so a nuna wa talaka yadda tsoffin shugabanni suka cinye ƙasa. Da aka tambaye shi inda kuɗin suka shiga, bai musa cewa sun bi ta hannunsa ba, bai kuma kawo rasit ba. Ya bayyana cewa ya raba su ne ga masu zuwa da kuka: marar lafiya da ba shi da kuɗin magani, ɗalibi, gwauruwa, tsohon soja, ƙauyen da rijiyarsa ta rufta. Shaidu suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗin abin da ya yi musu, kuma ba a iya nuna wata dukiya da ya tara wa kansa ba. Zauren da aka tara don a yi masa ihu ya koma tausaya masa. Bayan kwana uku ana zama, kotun ta wanke shi.

Ta fuskar tsarin kuɗin gwamnati, abin da ya bayyana ba abin koyi ba ne. Raba dukiyar ƙasa daga aljihun shugaba, babu rubutu babu bincike, ita ce ƙofar da wasu suka bi suka yi ɓarna. Amma masu sauraron rediyo a ranar sun auna shi ne da sauran da suka sani, suka ga bai gina wa kansa komai ba. Saye Zerbo, da aka gurfanar gaban irin wannan kotu a watan Mayun shekarar, ɗaurin shekara 15 aka yanke masa.

Sauran rayuwarsa ya yi ta a gidansa na Wagadugu, Alhaji mai zuwa masallaci da jana'iza da ɗaurin aure, ba ya shiga jam'iyya. A 1999 ya fitar da tarihin rayuwarsa cikin littafi biyu da Faransanci, ɗaya kan shekarunsa na soja, ɗaya kan na mulki. A wannan shekarar ce kuma, da ƙasar ta ɗauki zafi bayan kisan ɗan jarida Norbert Zongo ranar 13 ga Disamban 1998, Blaise Compaoré ya sa shi cikin majalisar dattawan da aka ɗora wa neman hanyar sulhu, inda ya zauna tebur ɗaya da Saye Zerbo da ya kifar da shi, da Jean-Baptiste Ouédraogo da ya hau bayan Zerbo.

Ya rasu a Wagadugu ranar Alhamis 26 ga Mayun 2005, yana da shekara 89. Ɗaya daga cikin manyan barikokin babban birnin, wanda ke unguwar Gounghin, yana ɗauke da sunansa, kuma a cikinsa gidan kason soja yake. A wannan bariki, da wasu, aka fara jin harbe-harbe da asubahin Lahadi 23 ga Janairun 2022, washegari sojoji suka sanar da kifar da zaɓaɓɓen shugaba Roch Marc Christian Kaboré.